Takalmin da Na Yanka wa Hanyar Jidda

Ku ɗan matsa daga bakin rumfa, kun tare mini haske. Tun ɗazu nake jin ku kuna gardama a kan awa nawa jirgi yake yi daga Sakkwato zuwa Jidda. Wannan ya latsa waya ya ce kaza, wancan ya latsa tasa ya ce a'a, kaza ne, alhali a cikinku babu wanda ya taɓa wuce tashar Bodinga da niyyar kwana. To tunda kun zauna mini a tabarma kyauta, ku saurara. Ni wannan magana ta nisan Jidda ta taɓa zo mini a matsayin aiki, da wuƙa a hannuna na yi tunaninta.

Na san abin da kuke faɗi in na juya baya. Wai me ke cikin dukanci, ka sayo tafin roba da aka riga aka yanka, ka shafa gam, ka manna, ka zauna a kai har ya bushe. Wannan manne-manne ne, kuma ruwan farko na damina yake kashe aurensa. Ni Ummaru a hannun kawuna Gado na koyi aiki, a nan kasuwar Bodinga, ranar kasuwar Shagari kuma mu ɗaure kaya mu tafi can mu baje.

Aikin farko da Kawu Gado ya ba ni shi ne yankan zaren fata. Zai miƙo mini fatar akuya da aka jeme, ya ce in fara daga gefe in riƙa zagayawa da wuƙa har in kai tsakiya, zaren ya fito guda ɗaya bai tsinke ba, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. In na gama sai ya naɗe shi a hannuwansa biyu ya ja. Duk inda hannuna ya yi rawa, nan yake tsinkewa. Ba ya zagi, ba ya duka, sai dai ya ajiye mini guntayen a cinya ya ci gaba da hirarsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina kan zare. Kayan aikin ma ba su da yawa, wuƙa ce mai lanƙwasasshen baki, da basilla ta huda, da guduma, da dutsen da ake bugun ƙirgi, wato jemammiyar fatar shanu, a kai, sai wani ɗan dutse na wasa wuƙa. Amma wuƙar nan ko ɗan uwanka na ciki ɗaya ba ka ba shi aronta. Wannan da kuke gani a gefena ita ce ta Kawu, wasawa ta cinye rabinta.

Ranar da ya yarda na riƙe ƙafar mutum, wani liman ne daga Sifawa. Na shimfiɗa ƙirgi, ya taka, na zagaye ƙafar da gawayi, na ɗauki wuƙa zan yanka. Sai Kawu ya riƙe mini hannu ya ce, “Ka tambaye shi ina za shi da shi?” Na ce ai takalmi ne, duk inda ya so zai sa. Ya ce, “Baduku ba ƙahwa kaɗai shika awo ba, har da hanya.” Aka tambayi liman, ya ce shi daga gida sai masallaci, sai in an yi suna ko jana'iza. Kawu ya ce a yanka masa ninki ɗaya daga fatar ciki mai laushi, don kada tsoho ya riƙa jan nauyin banza.

Haka muke yi. Manomin da zai riƙa zirga-zirga tsakanin gona da kasuwa, ninki biyu. Bafillacen da zai bi shanu kudu da rani, ko falken da zai yi watanni a hanya, ninki uku daga gadon bayan sa, inda fata ta fi kauri. Akwai wani mai wayo da ya ce mana shi masallaci kawai yake zuwa, don ya ga ninki ɗaya ya fi sauƙi, ashe rakiyar shanu zai yi. Ya dawo mana da takalmi ana hango rana ta tafinsa, yana ɗingishi yana masifa. Kawu ya juya takalmin ya duba ya ce masa, “Ƙahwarka kay yi ma ƙarya, ba ni ba.”

Hanyar Makka kuwa, a wurin su Kawu babu tambaya. Da ƙuruciyarsa ya ga masu tafiya da ƙafa, waɗanda ake yi wa ban kwana kamar an yi musu sutura. Ninki uku ake musu, a ƙara musu da zare da guntun ƙirgi na faci. To ni kuma da rumfa ta dawo hannuna bayan rasuwarsa, zamani ya juya. Lokacin mulkin farar hula ne, kuɗi na yawo, mutanen da ko jirgin ƙasa ba su taɓa gani ba sai ga su suna shirin shiga na sama. Mutum zai taka ƙirgi in ce ina za ka da shi, ya ce Makka, sai in tsaya da wuƙa a hannu. Babu inda ya kai nan nisa a duk wuraren da ake ambata mini, amma an ce ƙafar mutum ba za ta taɓa ƙasa ba sai ya isa. Yawancinsu ma ba sa jiran in gama tunani, silifa suke saye a teburin kusa da ni su wuce.

Wata ranar kasuwar Shagari sai ga Bala mai albasa ya tsuguna a gabana. Sa'ana ne, mutumin Mandera, shekarar nan albasa ta yi masa kyau irin wanda bai taɓa gani ba. Maimakon ya ƙara aure ko ya sayi babur kamar abokansa, sai ya biya wa mahaifinsa, Baba Labbo, kujerar Makka.

Ya ce, “Ummaru, ka taimake ni da tsohon ga. An ɗauki hoto, an yi allura, komi ya kammala, yanzu ya ce ba shi zuwa.”

Na ce, “To ni a wa? Ka kai shi ga liman mana.”

Ya ce, “Kai kaɗai ka taɓa riƙe ƙahwatai bai harbe ka ba. Albasa ba kullum taka yin haka ba, kuma ka ga shekaru nai. In wagga ta wuce shi, ban ga wata ba.”

Da la'asar sai ga Baba Labbo, dogon tsoho busasshe, Bala ya lallabo shi da cewa takalminsa ya tsufa. Na gaishe shi, na shimfiɗa ƙirgi, ya taka. Ƙafa ce ta manomi, diddigen duk faso, babban yatsan ya yi gefe kamar ya yi fushi da sauran. Na zagaye da gawayi, na yi tambayar da na saba.

Ya ce, “Ba inda za ni. Yaron ga shika son ya saka ni cikin gwangwani a jefa ni gabas.”

Na ce, “Baba, wasu har gona suke sayarwa don a jefa su.”

Bai yi dariya ba, kuma bai ɗage ƙafarsa daga ƙirgin ba. A tsaye a nan ya ba ni labarin. Mahaifinsa ya tafi Makka da ƙafa lokacin shi yana ɗan yaro mai kiwon awaki. Aka daɗe ba labari. Daga baya wani abokin tafiyarsa ya dawo ya ce musu ya rasu a hanya, bayan sun wuce tafkin Chadi sun shiga ƙasar Sudan, sun binne shi a gindin wata bishiya a bakin hanya. Ko sunan garin mutumin bai riƙe ba. Tun daga ranar Baba Labbo ya ƙudura cewa in Allah ya kira shi, hanyar zai bi, ya tsaya a ƙasar nan ya yi wa ubansa addu'a kafin ya wuce. Noma ya riƙe shi, iyali suka riƙe shi, har gemu ya yi fari.

Ya ce, “An ce mani jirgi ba shi tsayawa.”

Na ce, “Ba ya tsayawa, Baba. Ba motar kasuwa ba ce da za ka bugi ƙarfe ka ce akwai mai sauka.”

Ya ce, “To in wuce ubana kwance ban gaishe shi ba? Da wane ido za ni duban Ka'aba?”

Na ji tausayinsa ya kama ni. Sai na ce, “Baba, ai gabas ɗaya ce. Gabas suka yi, gabas jirgi yake yi. Ta bisa kansa za ku bi. Ka gaya wa masu aikin jirgin su sanar da kai in kun zo ƙasar Sudan, ka yi addu'arka daga nan.”

Ya kalle ni ya ce, “Daga sama tana sauka?”

Na ce, “Wannan ka tambayi liman, ni ƙafa na sani.”

Ya tambaya kuwa. Liman ya gaya masa addu'ar ɗa tana isa ga mahaifi daga ko'ina aka yi ta. Kasuwa ta zagayo sai ga shi ya dawo da kansa, ba Bala. Ya ce zai je, amma da sharaɗi, in yanka masa takalmin hanya irin wanda aka yi wa ubansa, ninki uku.

Na ce, “Baba, kamar awa biyar ce fa, kuma a zaune. Ka yi azahar a Sakkwato, kafin ka gama gyara zama an ce ku sauka. Ninki ɗaya ma ya yi maka yawa.”

Ya ce, “Don kun yi sauri ba shi ya rage nisa ba. Yanka uku.”

To ku da kuke cewa aiki ne mai sauƙi, ga yadda aka yi shi. Na je wurin majema na zaɓi ƙirgin bijimi da ya sha bagaruwa sosai, na yanko gadon bayan. Na jiƙa shi ya kwana, na ɗora a dutse na yi ta bugu da guduma har ya haɗe jikinsa, don ƙirgin da ba a buga ba in ya sha tafiya bajewa yake yi kamar waina. Ninki uku ba ɗora uku a kan juna ba ne kawai. Na tsakiya sai ka fere shi da wuƙa wajen yatsu ya yi siriri, in ba haka ba takalmin ba zai lanƙwasa ba, mutum ya riƙa tafiya kamar an ɗaura masa allo. Na tsaga 'yar hanya a tafin na binne ɗinkin a ciki, don kada ƙasa ta ci zaren. Basilla ba ta huda ninki uku da daɗi, sai ka dafa da ƙirji, har yau ga tabon a tafin hannuna. Maɗauran na yi su da jar fatar akuya, na shafe su da man shanu har suka yi laushi, na bar diddige da idon sawu a buɗe saboda harami. Hancin kuwa na karkata shi gefe, ya bi babban yatsan nan mai fushi.

Da ya zo karɓa ya ɗaga su ya ji nauyi, ya gyaɗa kai. Mai teburin silifa ya leƙo ya ce, “Baba, wannan in an auna kayanka a filin jirgi, ai sai dai a zaɓa, ko kai ko takalmin.” Baba Labbo ya ce masa ya kula da robarsa kada rana ta narke ta.

Ranar da aka kira maniyyatansu sansanin alhazai, ya ƙi shiga mota daga Mandera. Ya ce sabon takalmi ba a fara masa da zama, kuma mai zuwa Makka ya kamata ƙurar garinsu ta taɓa shi. Ya ɗauki sanda ya kama titi da sassafe. Bala ya yi shatar mota, ga jakar tsoho a ciki, ga mata masu rakiya, motar na rarrafe a bayansa, direba na cizon yatsa. In sun matsa kusa ya ɗaga musu sanda. Duk ƙauyen da suka ratsa sai an fito kallo. A ƙofar rumfar nan ya tsaya, rana ta yi zafi, ya zauna daidai inda kake zaune kai mai jar hula, ya miƙo mini ƙafa. Na duba, babu inda ya ci shi, na ɗan sassauta maɗauri ɗaya. Ya sha ruwa ya ce yanzu ya yarda a ɗauke shi. Yana shiga motar na sake tuna masa, “Baba, ƙasar Sudan. Ka gaya musu tun kuna ƙasa.” Ya ce ai ko sunansa ya manta ba zai manta wannan ba.

Ya je ya dawo lafiya. Na je Mandera yi masa barka, gida cike da jama'a, na samu dabino da kurɓin zamzam, amma ban samu sararin tambayarsa ba. Na ce ai ma haɗu a kasuwa. Ba mu haɗu da wuri ba, domin daga nan ne abubuwa suka fara lalacewa.

Kaya suka yi tsada, sabulu da madara sai an bi layi, sojoji suka karɓi mulki, sannan ruwa ya ɗauke. Wannan ita ce shekarar da ban so in sake gani. Za ku ce ai shekarar da dabbobi ke mutuwa ita ce ta baduku, ga fata ko'ina. Fatar ta yi yawa kam, har ana roƙonka ka ɗauka, amma fatar saniyar da yunwa ta kashe ba ta da jiki. Ka jeme ta, ka buga, ka sa basilla, sai ta yage kamar takarda. Kuma wa zai yi sabon takalmi alhali babu gero a rumbu? Fulanin da nake yi wa ninki uku wasu sun tafi kudu ba su dawo ba, wasu sun dawo babu shanun da za su bi. Na koma facin guga da ɗinkin salka. Sai in wuni a kasuwar Shagari ban zagaye ƙafa ɗaya da gawayi ba. Albasar Bala ma ta tafi, har ya koma ɗaukar buhun wasu. Maganarsa ta tabbata, da tsohon bai tafi waccan shekarar ba, da shi ke nan.

A cikin wannan hali ne wata ranar kasuwa na ɗaga kai na ga Baba Labbo a tsaye, ya ƙara bushewa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Hancin ne ya tsinke. Na ce, “Alhaji Baba, sannu da zuwa,” na ba shi wuri. Na juya tafin na duba, ninki na farko ya cinye, na biyu ya kama hanya.

Na ce, “Ashe dai jirgin a ƙasa kuka tura shi.”

Ya ce, “Kai dai yi aikinka. Tahiya tana can tana jiran mutum, jirgi kai ka gare ta kawai shika yi.”

Na zare zare na fara aiki. Sai na ce, “Baba, ƙasar Sudan fa? Sun gaya maka?”

Ya ce tun suna ƙasa ya kama wani ma'aikacin jirgin da ke jin Hausa ya gaya masa, mutumin ya ce to, in sha Allahu. Jirgi ya tashi, kunnuwansa suka toshe, ya leƙa taga bai ga komai ba sai fari. Aka ɗaure shi da ɗamara, aka kawo abinci a wani ɗan faranti, komai a naɗe cikin leda. Ya ce shi da ya saba a ajiye masa ƙwarya a buɗe, sai ga shi yana kokawa da ledar burodi, ya ja ta nan ta ƙi, ya sa haƙori ta ƙi, har na kusa da shi ya taimaka masa. Ya ci, aka ba shi shayi ya sha, ya ɗan lumshe ido. Da ya ga mutumin nan zai wuce sai ya riƙe masa riga ya ce yaro, mun kusa ƙasar Sudan? Mutumin ya dafe kai ya ce ya yi haƙuri, aiki ya sha masa kai, ai sun wuce ta, ga teku nan a ƙasa.

Ya ce, “Ummaru, ƙasad da ta ci ma ubana rai, ni na ƙetare ta ina faɗa da ledar burodi.”

Na ajiye basilla. Ni na ba shi wannan shawara, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, “Baba, ka yi masa a Arfa ai, ka yi masa a Ka'aba.”

Ya ce, “Na yi. Amma ba shi ne alkawarin ba.”

Na ce, “To ya aka yi?”

Ya ce, “Da za mu komo ban tambayi kowa ba. Sunka kawo abinci nic ce su ɗauke, sunka kawo shayi nic ce ban sha. Tun da ƙahwar jirgi ta bar ƙasa a Jidda na ɗaga hannuwana. Na kusa da ni shina ta taɓa ni, wai Alhaji ka huta, ban kula shi ba. Kafaɗar ga har yau ba ta koma daidai ba.” Ya ɗaga hannun dama ya nuna mini iyakar inda yake kaiwa. “Ban sauke ba sai da munka dira Sakkwato. Ban san wace itaciya ba ce, ban san wane gari ba ne. Amma ko ina shike kwance tsakanin can da nan, na bi ta kanshi da hannuna a buɗe.”